Tsadar hayar mota a manyan filayen jiragen saman duniya

A kowace rana miliyoyin matafiya ne ke sauka a filayen jiragen saman ƙasa da ƙasa, kuma da dama daga cikinsu, da zarar sun kammala da jami'an shige da fice sun ɗauki jakunkunansu, kantar kamfanonin ba da hayar motoci suke dosa. A can ne mutum kan tarar cewa kuɗin da ya gani a intanet tun yana gida daban, wanda za a cire masa daga katin banki kuma daban. Ko da yake farashi ya sauka daga ƙololuwar da ya kai a shekarun 2021 da 2022, har yanzu samun mota mai sauƙin kuɗi a filin jirgi abu ne mai buƙatar lissafi, musamman ga baƙon da ya fito daga ƙasar da kuɗinta ba su da ƙarfi a gaban dala ko yuro.

A filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, abin da aka fi sani shi ne fasinja ya ɗauki shatar mota tare da direbanta, a yi ciniki baki da baki, in an isa a biya a rabu. A Amurka da Turai da ƙasashen yankin Gulf kuwa, makulli ake miƙa wa mutum ya tuƙa da kansa na tsawon kwanakin da aka yi yarjejeniya, bayan ya sa hannu a kan takardar da ta ɗora masa alhakin duk abin da ya sami motar. A cikin wannan takarda, wadda akasarin matafiya ba sa samun sukunin karantawa bayan doguwar tafiya, yawancin tsadar take ɓoye.

Kason filin jirgi

Dangantakar wannan sana'a da filayen jiragen sama ta daɗe. Kamfanin Hertz, wanda ya samo asali a birnin Chicago a shekarar 1918 da motoci goma sha biyu, ya buɗe reshensa na farko a filin jirgi a shekarar 1932, a filin Midway na birnin. A shekarar 1946 kuma Warren Avis, wani tsohon sojan saman Amurka, ya kafa nasa kamfanin a filin jirgin Willow Run da ke kusa da Detroit, bisa hasashen cewa duk wanda ya sauko daga jirgi a baƙon gari zai buƙaci abin hawa nan take, kuma zai yarda ya biya fiye da ɗan gari. Wannan hasashe shi ne ginshiƙin kasuwar har yau.

To sai dai su ma hukumomin filayen jirgin sun san darajar wannan fasinja. Babu kamfanin da ke kafa kanta a filin jirgi sai da izini, kuma a Amurka abin da aka saba shi ne kamfani ya riƙa ba hukumar filin kimanin kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa, tare da alƙawarin wani mafi ƙarancin adadi da zai biya a shekara ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kamfanonin kuwa ba daga aljihunsu suke biya ba, a kan mai haya suke ɗorawa. Wannan ne ya sa a rasit da yawa ake ganin wani ƙari na kashi 11.11 cikin ɗari, domin idan aka ƙara wannan adadi a kan dala 100 aka sami dala 111.11, to kashi goma na jimlar, wato dala 11.11, shi ne daidai abin da filin jirgin zai karɓa, kamfani kuma ya tsira da dalarsa 100 cif.

Bayan wannan akwai kuɗin gini. Manyan filayen jirgin Amurka sun gina katafaren wurare da suka tattara dukkan kamfanonin hayar mota a ƙarƙashin rufi ɗaya, kamar wanda aka buɗe a Atlanta a watan Disambar 2009, wanda wani ƙaramin jirgin ƙasa ke kai fasinjoji cikinsa, da kuma na Los Angeles da aka tsara domin ɗaukar motoci kimanin 18,000. Bashin da aka ci aka yi waɗannan gine-gine ana biyansa ne da 'yan daloli da ake ƙara wa kowane mai haya a kowace rana.

Sai kuma harajin jihohi da ƙananan hukumomi. Ga ɗan siyasa, harajin hayar mota yana da daɗin ɗorawa, domin yawancin masu biyansa baƙi ne da ba sa jefa ƙuri'a a garin. A shekarar 2000 masu zaɓe a gundumar Maricopa ta jihar Arizona suka amince da ƙarin haraji a kan otal-otal da motocin haya domin gina filin wasan ƙwallo a garin Glendale, wanda aka buɗe a 2006. Wani kamfanin hayar mota ya ƙalubalanci harajin a gaban shari'a, amma a shekarar 2019 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da halaccinsa. Ke nan baƙon da ya karɓi mota a birnin Phoenix yana cikin masu biyan kuɗin filin wasan da mai yiwuwa ba zai taɓa shiga ba. A Turai ma akwai makamancin wannan ƙari da ake kira kuɗin wuri na musamman, wanda ake cajin duk wanda ya karɓi mota a filin jirgi ko babbar tashar jirgin ƙasa.

Sunaye da yawa, masu shi ƙalilan

Wanda ya tsaya a zauren hayar motoci na wani babban filin jirgin Amurka zai ga alluna takwas ko tara masu launi daban-daban, har ya ɗauka gasa ce mai zafi ake yi. A haƙiƙa kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar ƙasar. Enterprise ya sayi National da Alamo a shekarar 2007. Avis da Budget da Payless gida ɗaya suke. Hertz kuma ya sayi Dollar da Thrifty a shekarar 2012 a kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu 2.3.

A lokacin wannan ciniki na ƙarshe, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gindaya wa Hertz sharaɗin ya sayar da wani ƙaramin kamfaninsa mai suna Advantage, domin a sami mai gogayya da manyan uku a filayen jirgi. Shekara guda bayan haka Advantage ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, ya kuma sake yin haka a 2020. A Turai lamarin ya ɗan fi sauƙi saboda akwai Sixt na Jamus da Europcar na Faransa da ƙananan kamfanoni na cikin gida, amma a can ma hukumar zartaswar tarayyar Turai ta taɓa ƙiyasta cewa kamfanoni biyar ne ke ba da biyu daga cikin kowace haya uku da ɗaiɗaikun mutane ke yi.

Abin da wannan ke nufi ga matafiyi shi ne, bambancin farashi tsakanin wata kanta da ta kusa da ita ba lallai ne ya zama alamar gasa ba. Sau da yawa kamfani ɗaya ne ya raba kwastomominsa gida-gida: suna ɗaya na ma'aikatan manyan kamfanoni da ofis ke biya musu, wani na masu yawon shaƙatawa, wani kuma na masu neman araha, alhali kuwa motocin daga garke ɗaya suke fitowa. Farashin ma ba tsayayye ba ne, kwamfuta ce ke sauya shi kamar na tikitin jirgi, gwargwadon yawan motocin da suka rage da kuma yawan masu nema.

Darasin annobar korona

Babu abin da ya fito da yadda wannan kasuwa ke aiki kamar annobar korona. A tsakiyar watan Afrilun 2020 yawan fasinjojin da ake tantancewa a filayen jirgin Amurka ya faɗi zuwa ƙasa da 90,000 a rana, daga fiye da miliyan biyu a daidai wannan lokaci na shekarar da ta gabace ta. Motoci suka yi cirko-cirko a filayen ajiya babu masu ɗauka, alhali bashin da aka saye su da shi yana ci gaba da hauhawa. A ranar 22 ga watan Mayun 2020 kamfanin Hertz, mai shekaru fiye da ɗari, ya garzaya kotu neman kariya, da bashin da ya kai kimanin dala miliyan dubu 19 a kansa. Daga baya ya amince da masu bin sa bashi cewa zai rabu da motoci fiye da 180,000 kafin ƙarshen shekarar. Sauran kamfanonin ma gwanjon suka shiga, har aka ƙiyasta cewa baki ɗaya sun sayar da fiye da motoci rabin miliyan, kimanin sulusin abin da suke da shi a Amurka.

Da aka fara rigakafi a 2021 jama'a suka koma tafiye-tafiye, sai kamfanonin suka nemi sayen sababbin motoci suka rasa, domin masana'antu na fama da ƙarancin 'yan mitsi-mitsin na'urorin lantarkin nan da ke zama ƙwaƙwalwar motar zamani, kuma 'yan motocin da ake ƙerawa an gwammace a sayar wa ɗaiɗaikun mutane da riba mai tsoka. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa a watan Mayun 2021 kuɗin hayar mota ya ninka abin da yake shekara guda kafin nan, ko da yake a wancan lokacin farashin a ƙasa warwas yake. A tsibiran Hawaii abin ya kai ga masu yawon buɗe ido suna karɓar hayar motocin kwasar kaya na kamfanin U-Haul suna zagaya gari da su.

Faɗuwar wani tashin wani, in ji masu iya magana. Hertz ya fito daga hannun kotu a ƙarshen watan Yunin 2021, kuma a 2022 ya ci ribar fiye da dala miliyan dubu biyu, yayin da rukunin Avis Budget ya sami kimanin dala miliyan dubu 2.8, ribar da bai taɓa samun irinta ba. Darasin da kamfanonin suka ɗauka shi ne, motoci kaɗan masu tsada sun fi motoci da yawa masu araha kawo kuɗi.

Wani abin da annobar ta bayyana shi ne cewa kamfanin hayar mota dillalin motoci ne a ɓoye. Yana sayen mota sabuwa, ya yi haya da ita shekara ɗaya ko biyu, sannan ya sayar, kuma bambancin kuɗin saye da na sayarwa yana daga cikin mafi nauyin abin da yake kashewa. Hertz ya ɗanɗana wannan lokacin da ya ba da sanarwa a watan Oktobar 2021 cewa zai sayi motocin Tesla masu aiki da lantarki guda 100,000. Da kamfanin Tesla ya yi ta rage farashin sababbin motocinsa a 2023, sai darajar waɗanda ke hannun Hertz ta zube, ga kuma tsadar gyara. A watan Janairun 2024 kamfanin ya ce zai sayar da 20,000 daga cikin motocin lantarkinsa, shugabansa Stephen Scherr ya sauka a watan Maris, kuma ya rufe shekarar da asarar kusan dala miliyan dubu 2.9. Saboda haka duk abin da ya taɓa farashin mota, daga ƙarancin kayan haɗi zuwa harajin kashi 25 cikin ɗari da gwamnatin shugaba Donald Trump ta ɗora wa motocin ƙetare a watan Afrilun 2025, kafin a sassauta wa wasu ƙasashe, yana iya biyo hanya ya iso kantar filin jirgi.

Inda ribar take

Mafi yawan matafiya a yau ta shafukan dillalai na intanet suke kama mota, inda ake jera farashi daga mafi araha zuwa mafi tsada. Tun da kowane kamfani yana son sunansa ya fito a sama, sai ya rage kuɗin da ake gani a allo iya ragewa, ya bar ribarsa a abubuwan da za a sayar wa mutum a bakin kanta.

Na farko shi ne inshora. A Turai farashin haya kan haɗa da kariya ta asali, amma da sharaɗin cewa in mota ta lalace mai haya zai biya kason farko na kuɗin gyara, wanda sau da yawa kan kai yuro 1,000 ko fiye, kuma adadin ne ake riƙewa a katinsa a matsayin jingina. Wanda ba ya son wannan kasada sai ya sayi ƙarin kariya ta kullum, wadda a wasu lokuta takan fi kuɗin hayar kanta. A Amurka kuwa farashin da ake nuna wa ɗan ƙasa galibi ba ya haɗawa da kariyar lalacewar mota, domin inshorar motarsa ta gida ko ta katin bashinsa kan wadatar. Baƙon da ya zo daga Afirka ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka ko dai ya saya a kanta, ko kuma ya ɗauki nauyin mota sukutum a wuyansa.

A ɗauka, a misali, an tallata mota a kan dala 40 a rana, wato dala 280 a mako. Kason filin jirgi zai ƙara dala 31. In kuɗin gini dala 6 ne a rana, an sami ƙarin dala 42. In haraji kashi goma ne, wata dala 35 ke nan, jimla dala 388. Idan aka ɗora kariyar lalacewa ta dala 30 a rana, lissafin ya tashi dala 598, fiye da ninkin abin da aka gani da farko, kuma ba a yi maganar mai ba tukuna.

Shi ma man yana da nasa tarkon. Wasu kamfanoni, musamman a wuraren shaƙatawa na Spain da maƙwabtanta, sun yi suna wajen sayar wa mutum cikakken tanki da tsada su ce ya dawo da shi babu komai, abin da da wuya ya yiwu, ragowar kuma ta zama tasu. Akwai kuɗin direba na biyu, da na wanda bai kai shekara 25 ba, da na kujerar yaro, da na ajiye mota a wani gari daban, da na wuce adadin kilomitar da aka ƙayyade. Ana lissafin kwana ne da sa'o'i 24 daga lokacin karɓa, don haka jinkirin sa'a ɗaya ko biyu na iya zama kuɗin yini guda. Tarar gudu da kuɗin bin hanya, irin su tsarin Salik da Dubai ta fara a 2007 ko kuɗin shiga tsakiyar Landan da aka soma karɓa a 2003, kan biyo mutum gida bayan makonni, tare da ladan kamfani na aikin takardu.

Sai batun ƙwarzane da loɓawa, wanda ya fi kowanne haddasa jayayya. A shekarar 2025 Hertz ya fara girka na'urorin ɗaukar hoto masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, na kamfanin UVeye, da farawa daga filin jirgin Atlanta, waɗanda ke duba jikin mota lokacin fita da lokacin dawowa. Kamfanin na ganin hakan zai kawar da son rai, amma wasu masu haya sun koka cewa ana cajinsu a kan tabon da ido ma da ƙyar yake gani.

Wani lokaci abin kan wuce asarar kuɗi. A watan Disambar 2022 Hertz ya amince zai biya kimanin dala miliyan 168 domin sasanta ƙorafe-ƙorafe 364 na mutanen da suka ce an kai rahotonsu ga 'yan sanda bisa zargin satar motocin da suka karɓa haya ta halal, inda aka kama wasu, wasu ma suka kwana a gidan yari. Da yawa daga cikin matsalolin sun taso ne daga ƙarin kwanakin da ba su shiga kwamfutar kamfanin daidai ba. Ga baƙon da ke ƙasar da biza, irin wannan kuskure ba ƙaramin al'amari ba ne.

Matakan hukumomi

Ƙorafin da cibiyoyin kare masu saye na Turai ke karɓa a kan hayar mota ya tashi daga kimanin 1,050 a 2012 zuwa fiye da 1,750 a 2014. Wannan ya sa a shekarar 2015 hukumar zartaswar tarayyar Turai, tare da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya, suka sa kamfanoni biyar, wato Avis Budget da Enterprise da Europcar da Hertz da Sixt, suka yi alƙawarin haɗa dukkan kuɗaɗen dole a cikin farashin da suke nunawa, da bayyana sharuɗɗan inshora da na mai a fili, da kuma ba mai haya damar musanta zargin lalata mota kafin a taɓa katinsa. Daga watan Afrilun 2025 kuma wata sabuwar dokar Birtaniya ta haramta ɓoye kuɗaɗen dole har sai mai saye ya kai matakin biya, tare da ba hukuma ikon cin tarar da ka iya kai kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya.

A Amurka tafiyar ba ta kai nan ba. Ƙa'idar hana ɓoyayyun kuɗaɗe da hukumar kasuwancin tarayya ta fitar a ƙarshen 2024 ta tsaya ne a kan tikitin wasanni da shagulgula da kuma masaukin baƙi, ba ta haɗa da hayar mota ba. Saudiyya ta ɓullo da takardar yarjejeniyar haya ta bai ɗaya ta intanet a 2021, domin kowane kamfani ya yi aiki da sharuɗɗa iri guda, yayin da hukumomin Dubai suka umarci kamfanoni a 2024 da su riƙa mayar da kuɗin jingina cikin kwanaki 30 bayan an dawo da mota. Waɗannan matakai sun rage yaudara, amma babu wanda ya taɓa kason filin jirgi ko ƙarancin masu gogayya, waɗanda su ne tushen tsadar.

Matafiyi daga Najeriya da Nijar

Ga ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai jinya da ya tashi daga Kano ko Yamai, shingen farko shi ne kati. Yawancin kamfanoni katin bashi mai ɗauke da sunan direba suke nema domin riƙe jingina, alhali abin da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne katin cirar kuɗi daga asusu, wasu ma suna ƙaurace wa katin bashi da gangan saboda gudun kuɗin ruwa. Inda aka yarda da katin cirar kuɗi, ana ƙara sharuɗɗa kamar nuna tikitin komawa gida, kuma kuɗin jinginar kan fita daga asusun mutum ne kai tsaye, ya ɗauki kwanaki kafin ya dawo. A shekarar 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, sannan suka dakatar baki ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da tsarin tare da iyaka.

Na biyu shi ne darajar kuɗi. Kafin babban bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Jinginar dala 500 da a da take daidai da naira 230,000 sai ta koma 750,000. Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi yana da ɗan sauƙi a ƙasashen yuro, tun da an ɗaure sefa a kan 655.957 ga kowane yuro ɗaya.

Na uku shi ne lasisi. Birtaniya tana barin baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa har tsawon watanni 12, amma ƙasashe da kamfanoni da yawa suna neman takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda iri-iri ce: ta yarjejeniyar Geneva ta 1949 shekara ɗaya take yi, ta Vienna ta 1968 kuma har zuwa uku, kuma Japan ta farkon kawai take karɓa. Takardar ba ta aiki ita kaɗai sai tare da lasisin gida. Haka nan wanda ya saba da tuƙi ta hannun dama, kamar yadda Najeriya ke yi tun 1972, zai tarar da akasin haka a Ingila da Afirka ta Kudu da Malesiya.

Akwai kuma tambayar ko ana ma buƙatar motar. Mai zuwa Umra da ya sauka a Jidda yana da jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kuma yana cinye kilomita 450 da ke tsakanin Makka da Madina cikin sa'o'i biyu da 'yan mintoci. Wurin ajiye mota kusa da Harami yana da wuyar samu, kyamarorin Saher da aka fara girkawa a 2010 ba sa ɗaga ƙafa ga mai gudu, kuma a lokacin aikin Hajji ana tsaurara dokar shigar ƙananan motoci Makka. A Landan da Dubai ma jirgin ƙasa na kai mutum daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari.

Abin da ke rage tsada

Inda mota ta zama dole, abubuwa ƙalilan ne ke yin tasiri sosai. Kama mota tun da wuri bisa sharaɗin sokewa kyauta yana ba mutum damar sake kamawa in farashi ya sauka. Kwatanta jimlar kuɗi tare da inshora da haraji ya fi kwatanta kuɗin yini. Reshen kamfani na cikin gari sau da yawa ba ya ɗauke da kason filin jirgi da kuɗin gini, saboda haka wanda zai riƙe mota mako guda ko fiye yana iya cin riba in ya shiga gari da jirgin ƙasa ko tasi ya karɓa a can, muddin ya lura cewa irin waɗannan rassa sukan rufe da yamma da kuma ƙarshen mako. A Turai mota mai giyar hannu ta fi mai canza giya da kanta araha.

Tsarin mai mafi aminci shi ne a karɓi tanki cike a mayar da shi cike, a kuma adana rasit ɗin gidan mai. Biya da kuɗin ƙasar da ake ciki ya fi yarda kanta ta canza wa mutum zuwa dala da nata farashin. Hoton mota ta kowane ɓangare, har da tayoyi da gilasai da ma'aunin mai, a lokacin karɓa da lokacin mayarwa, shi ne shaidar da za ta tsaya wa mutum bayan ya koma gida. Duk ƙarin kwana kuma a tabbatar an same shi a rubuce, kuma katin yana da kuɗin da zai ɗauke shi.

Bisa ga dukkan alamu matsin lambar hukumomi zai ci gaba da tilasta wa kamfanoni faɗin cikakken farashi tun da farko, kuma shafukan da ɗaiɗaikun mutane ke ba da hayar motocinsu, irin su Turo, tare da Uber da Bolt, sun ɗan rage wa manyan kamfanonin ƙarfi, ko da yake su ma filayen jirgi da yawa sun fara karɓar nasu kason daga gare su. Amma muddin hukumomin filayen jirgi da na birane suna kallon fasinjan da ya sauka a matsayin hanyar samun kuɗin shiga, mota a bakin filin jirgi za ta ci gaba da fin ta cikin gari tsada, kuma wanda ya karanta sharuɗɗan tun yana gida shi ne zai biya mafi ƙaranci.